Bindigar Ruwa ta Haɗin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama a Jos, ga kuma yara sun samu hutu, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke ta dawowa daga iyaye da yayye da malaman makaranta a kan yadda ake haɗa bindigar ruwa a gida, wadda za ta fi ta kasuwa ƙarko kuma ba za ta ji wa kowa ciwo ba. Ga su nan an tattara, daga na mai farawa zuwa na wanda hannunsa ya riga ya faɗa.

Wace iri ce ake nufi da bindigar ruwa mai famfon hannu?

Duk wadda ƙarfin damtsen mai ita ne ke tura ruwan, ba batir ba, ba lantarki ba. Iri uku ake haɗawa a gida. Ta farko aikinta irin na sirinji ne: bututu da sanda mai matoshi a kai, ka tsoma bakin a bokiti ka ja, ruwa ya shiga, ka tura ya fita. Ta biyu ma haka take, sai dai an ƙara mata jarkar da ake goyawa da bawul guda biyu (abin da ke barin ruwa ya bi hanya ɗaya kawai), don kada a riƙa zarya zuwa bokiti. Ta uku daban take: ana zuba ruwa a gora, a buga iska da famfon keke ta taru a saman ruwan, in an buɗe makunni sai iskar ta koro shi.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, a ta farko da ta biyu, da ka saki hannu ƙarfi ya ƙare. A ta uku kuwa ƙarfin yana nan dunƙule a cikin gorar, ko da an yar da ita a tsakar gida ƙaramin yaro ya zo ya ɗauka.

To wacce zan fara da ita? Yarana 'yan firamare ne.

Ta farko, Hajiya, ba tare da wani dogon tunani ba. Ita ce mafi araha, ita ce mafi sauƙin gyara, kuma babu abin da zai fashe a jikinta. Mutane na raina ta saboda ba ta da kunama kamar ta shago, amma in an yanka matoshinta daidai, aka kuma huda bakinta da kyau, takan kai nisan da da yawa daga na robar da ake sayarwa a kasuwar Taminus ba sa kaiwa. A ganina duk yaron da bai shiga sakandare ba, bai kamata a ba shi mai iska ba. Dalilan suna cikin amsoshin da suka shafi gora da tankin bututu a ƙasa.

Me da me zan tanada, kuma a ina zan samu?

Bututun roba na PVC irin na ruwan famfo, mai faɗin inci 1, tsawon santimita 50 zuwa 60. Marfin bututu guda biyu daidai da shi. Sandar mofa ko wani siririn bututu na rabin inci da ya fi na wajen tsawo da kamar santimita 15. Tsohon silifas wanda bai ƙone da rana ba. Wasa ta ƙarfe (faifai mai huji da ake sa wa noti) guda biyu, dogon sukuru ɗaya, gam ɗin bututu, samfefa, da zarton ƙarfe.

Shagunan kayan famfo sun yawaita a cikin gari, akwai kuma kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru. Amma kafin ka sayi bututu guda cikakke don rabin mita, ka leƙa wurin mai gyaran famfo na unguwa ko inda ake sabon gini, guntattaki ba sa ƙarewa a hannunsu. Ka duba jikin bututun: na ruwan famfo yana da kauri, kuma galibi an buga masa rubutun matsin da yake iya ɗauka. Bututun wayarin da na ruwan datti na banɗaki sirara ne, ba a yi su don matsi ba, suna tsagewa tun a faɗuwar farko. Ka kuma zura yatsa a ciki, ka ɗaga shi sama ka leƙa ta haske. In cikin yana da kaushi ko ya lanƙwashe, ajiye shi, domin babu matoshin da zai zauna a bututun da ba zagayayye ba.

Yaya ake haɗa ta ɗaya bayan ɗaya?

Ka yanka bututun a miƙe, ka goge bakunan biyu da samfefa har su daina yankar yatsa. Ka huda tsakiyar marfi ɗaya, shi ne bakin bindigar (girman hujin yana cikin amsar da ta yi magana a kan baki), ka manna shi da gam a gaba. Sai ka haɗa matoshin a kan sandar kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana, ka jiƙa shi da ruwan sabulu, ka zura ta baya.

Marfi na biyu ka yi masa huji mai faɗin da sandar za ta riƙa wucewa sakayau, ka zura shi ta gindin sandar ya zo ya rufe bayan bututun. Wannan kada ka sa masa gam, ka ɗaure shi da ɗan gajeren sukuru ta gefe, saboda rana na nan da za ka so fito da matoshin ka gyara. Amfaninsa biyu ne: yana hana sandar karkacewa, yana kuma hana yaro zare ta gaba ɗaya ya faɗi da baya. Dole iska ta samu wurin shiga da fita ta wannan marfin, in ya kama sandar tsam ja zai yi wuya. A ƙarshe ka gicciya guntun katako ko mahaɗar bututu mai baki uku a gindin sandar ta zama mariƙi, kada a bar ƙarshen da tsini, don yara kan dafa shi a ciki ko a ƙirji su tura.

Matoshin fa? Nan ne nake kasawa kullum.

Ba kai kaɗai ba ne, Malam, rabin aikin duka a nan yake. Masu yanka silifas da reza ko almakashi ba sa samun zagayen da ya cika, kuma ɗan gibin da ido ba ya gani ya ishi ruwa ya bi ta baya ya jiƙa maka riga. Dabarar ita ce ka sa bututun da kansa ya yanka. Ɗauki guntu daga irin bututun da kake aiki da shi, ka wasa bakinsa da magagari ko samfefa ta waje kawai, har kaifin ya koma daidai da'irar ciki. Ka ɗora silifas a kan katako, ka dafa guntun a kai kana murzawa a hankali kana dannawa. Za ka ji yana nutsewa, sai ya ɓulla, ka tura faifan ya faɗo, gefensa sumul, faɗinsa daidai da cikin bututun.

Ka yi guda biyu ko uku, ka jera su tsakanin wasa biyu waɗanda suka ɗan fi su ƙanƙanta, ka ratsa tsakiya da sukuru zuwa cikin kan sandar. Sukurun nan shi ne ma'auninka. Kana ƙara ɗaure shi, wasar na matse silifas ɗin, yana buɗewa ta gefe yana kama bangon bututu. In ya yi tauri ka sassauta rabin juyi, in yana yoyo ka ƙara.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: tura sandar har ƙarshe, toshe hujin gaba da babban yatsa, ka ja ta baya kamar taƙi guda ka saki. In ta koma ciki da kanta, matoshi ya zauna. In ta tsaya inda ka bar ta, iska na satar hanya ta wani wuri, sai a duba amsar yoyo.

Na yi amfani da babban bututu don ya ɗauki ruwa da yawa, amma ruwan ba ya zuwa ko'ina. Me ya sa?

Saboda ƙarfin hannunka ya rarrabu a kan fili mai faɗi. Masu faci suna auna iskar taya da PSI, bari mu yi amfani da shi. PSI 30, wato kusan abin da ake sa wa tayar ƙaramar mota, yana nufin nauyin kusan kilo 2 a kan kowane murabba'in santimita. Bututun da faɗin cikinsa milimita 25 ne yana da fili kusan murabba'in santimita 5, don haka turin kilo 10 ya isa ya kai ruwan PSI 30. In ka ninka faɗin zuwa milimita 50, filin ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne, sai ka buƙaci turin kilo 40. Yaron da ƙarfinsa kilo 10 ne zai samu kashi ɗaya cikin huɗu na matsin, gudun ruwan kuma ya ragu da rabi.

Shi ya sa inci 1 ya fi dacewa da yara, babba kuma zai iya inci 1 da kwata. Bututu mai milimita 25 da aka ja santimita 50 yana ɗaukar kusan rubu'in lita, kuma wannan ya isa ya jiƙa mutum sharkaf. Wanda yake son ruwa ya daɗe bai ƙare ba, maganinsa jarkar goyo ne, ba faɗaɗa bututu ba.

Yaya girman hujin baki ya kamata ya zama?

Ka fara da milimita 3. A matsin PSI 30 ruwa na fita da gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, kuma huji mai milimita 3 zai fitar da kusan lita ɗaya cikin daƙiƙa 7. Mai milimita 2 yana tattalin ruwa, amma siririn ruwa da wuri yake tarwatsewa ya zama feshi, iska ta kwashe shi. Mai milimita 5 yana fitar da kusan ninki uku na mai milimita 3, ruwansa mai kauri ne kuma yana riƙe kansa a iska, sai dai dole hannu ya yi sauri sosai don kada matsin ya faɗi. Kowa ya taɓa danne bakin tiyo da yatsa wajen wankin mota ya san akwai wani wuri a tsakiya da ruwan ya fi tafiya, matsewa ta wuce nan sai ya watse.

Tsabtar hujin ta fi girmansa muhimmanci, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ƙusar da aka gasa a wuta tana barin narkakkiyar roba a gefe, ita ce ke raba ruwa biyu ko ta karkatar da shi. In da hali a huda da injin huji, a miƙe, sannan a kankare gefen ta ciki da ta waje da bakin wuƙa. In ruwan na fita a murɗe, a yanka tsinkayen shan lemo guntu-guntu kamar santimita 3, a cusa su dam a bayan marfin kafin a manna. Suna daidaita ruwan ya fita a layi ɗaya.

Nisan mita nawa zan sa rai?

Wadda aka haɗa da kyau, a hannun babba, mita 8 zuwa 10 abu ne mai yiwuwa. A lissafin takarda ruwan da ya fita da wancan gudun zai kai mita 40, amma iska tana farfasa shi tun kafin ya yi nisa. Don haka ma ɗaga baki digiri 45 da ake koyarwa a aji bai cika aiki a nan ba, ƙasa da haka kaɗan, wajen digiri 30 zuwa 35, ya fi kai ruwa nesa.

Ga abin da nake so masu ƙara iska su ji: kafin gudun ruwa ya ninka sau biyu, sai matsi ya ninka sau huɗu. Daga PSI 30 sai ka kai 120, kuma ko ka kai, ruwan zai fi saurin tarwatsewa ne. Haɗarin ya hau sosai, nisan da aka ƙaru da shi kaɗan ne. Mita biyu ko uku da kake nema suna cikin gyaran baki da toshe yoyo.

Tana yoyo, ko kuma ba ta jan ruwa. Ina zan duba? Wane mai zan shafa?

In ruwa na zubowa ta wajen mariƙi, matoshi ne, ƙara ɗaure sukuru ko ƙara faifai ɗaya. In ka ja ka ga rabin bututu iska ce, ko dai bakin bai nutse sosai a bokiti ba, ko ka ja da gaggawa fiye da yadda ƙaramin huji zai iya shigar da ruwa, ko kuma marfin gaba bai mannu ba. Tsoma gaban duka a ruwa, toshe hujin, ka tura: inda kumfa ya fito nan ne ɓarakar.

Game da mai, ruwan sabulu ya wadatar, yana kuma wankuwa. Man silikon ya fi daɗewa in an samu. Baƙin mai da giris da basilin suna lalata wasu nau'o'in roba, su kumbura su yi laushi, ga shi kuma za a watsa su a jikin mutane. Man gyaɗa yana yin danƙo bayan 'yan kwanaki ya tara ƙura.

Wane gam ne yake riƙewa?

Gam ɗin bututun PVC da ake sayarwa a gwangwani. Shi narkar da fatar robar yake yi, ɓangarorin biyu su haɗe su zama abu ɗaya. A goge wurin ya bushe, a shafa a ɓangarorin biyu, a tura tare da ɗan murɗawa, a riƙe rabin minti. A bar shi ya kwana kafin a gwada, ko da yara sun dame ka. Warinsa na hawa kai kuma yana kama wuta, don haka a yi aikin a waje, nesa da murhu, babba ne kuma zai shafa.

Ba ya kama gorar lemo, ba ya kama marfinta, ba ya kama koren bututun nan na PPR da ake haɗawa da injin zafi. A irin waɗannan wurare noti da wasar roba ne ke aiki, zare kuma a naɗa masa farin tif na masu gyaran famfo.

Yaya ake ƙara mata jarka a baya?

Maimakon marfin gaba, sai a sa mahaɗa mai baki uku. Baki ɗaya na bututun famfon, ɗaya na tiyon da ya fito daga jarka, ɗaya na bakin bindiga. A kan tiyon jarka a sa bawul mai barin ruwa ya shigo amma ba ya komawa, daf da bakin bindiga a sa wani mai barin ruwa ya fita amma iska ba ta shigowa. In ka ja, na jarka ya buɗe na gaba ya rufe, in ka tura su yi musanya. Tsarin da famfon tuƙa-tuƙa ke aiki da shi ke nan.

Ana sayar da irin wannan bawul a shagon kayan famfo, da kibiya a jikinsa mai nuna inda ruwa zai bi. Ana kuma haɗa shi da hannu: ƙwallon gilashi irin na wasan yara ya zauna a kan zoben roba a cikin mahaɗar da ta tsuke, a gicciya guntun waya a bayansa don kada ya gudu ya toshe gaba. 'Ya'yan boris ma suna yi, amma suna tsatsa cikin mako guda. Kada a manta a yi ɗan huji a marfin jarkar, in ba haka ba za ta lotse ruwa ya daina zuwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarkar lita 4 a cikin tsohuwar jakar makaranta ta ishi yaro.

Ni babba ne, mai iska nake so. Yaya zan yi ta cikin aminci?

Ka nemi gorar lemo mai gas, sabuwa, marar ƙarzuwa ko lotsawa. An ƙera ta ne don ta riƙe matsi, saɓanin gorar ruwan sha da jarkar mai, waɗanda ba su da wannan ƙarfin. Kada ka huda jikin gorar. Marfin kaɗai za ka huda, ka ratsa shi da ɗan bututun ƙarfe mai zare, wasar roba ciki da waje, noti ya matse. Daga nan tiyo mai kauri zuwa mahaɗa mai baki uku: gefe ɗaya bawul ɗin taya, ɗayan kuma makunnin ruwa mai hannu wanda ake juyawa kwata, sai baki. Kowace mahaɗar tiyo a ɗaure ta da kilif na ƙarfe. Gorar tana zama ne a kife, kai ƙasa, don iskar da ka buga ta ratsa ruwan ta hau sama, ruwa kuma ya zauna a bakin fita.

Famfon keke mai geji za ka yi amfani da shi. PSI 30 ya isa wasa, kada ka wuce 40. Gwajin farko ka cika gorar da ruwa taf, babu iska ko kaɗan, ka lulluɓe ta da buhu ko tsohon bargo, ka tsaya nesa ka buga. Hikimar ita ce ruwa ba ya matsuwa, don haka ba ya ajiye ƙarfi, in wani wuri ya gaza tsagewa kawai zai yi ruwa ya zube. Iska kuwa tana matsuwa, in ta samu hanya a lokaci guda take fita da duk abin da ta tarar. A PSI 30 kaɗai, abin da ke tura marfin gorar ya haura nauyin kilo 7. Kada a taɓa kwance marfi sai an buɗe makunni iska ta fita duka, kuma kada fuska ta kasance a saitinsa.

Ruwa nawa zan zuba a gorar? Tawa tana farawa da ƙarfi sai ta mutu.

Rabi. Dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 ce ke aiki: in wurin da iska take ya ninka, matsinta ya ragu da rabi. Gejin famfo ba ya ƙirga iskar duniya da ke danne mu, wadda ta kai kusan PSI 15 a bakin teku, don haka in geji ya nuna 30, ainihin abin da ke ciki 45 ne. In ruwa rabi ne, lokacin da zai ƙare iskar ta ninka wurinta, ta koma 22 da rabi, wato saura 7 da rabi a geji, har ɗigon ƙarshe yana fita da ɗan ƙarfi. In ka zuba kashi biyu cikin uku, iskar za ta buɗe sau uku ta koma 15, daidai da ta waje, ruwan ƙarshe sai dai ya tsiyaya.

Me zai hana in yi tankin da katon bututun PVC, in kai wa mai faci ya cika min?

Don Allah kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Masu ƙera bututun PVC da kansu suna gargaɗin kada a tara iska a cikinsa. Lambar da ke jikinsa ta ruwa ce. In ya gaza da iska a ciki, farfashewa yake yi ya watsa tsinannun ɓaraguzai masu shiga ido da wuya. Sanyi na sa shi gautsi, rana na cin ƙarfinsa a hankali, zafi kuma na rage abin da yake iya ɗauka, a digiri 43 kusan rabi ne ya rage. Bututun da ya sha rana a bayan gida shekara biyu ba wanda zai iya gaya maka ƙarfin da ya rage masa.

Injin mai faci kuwa an yi shi ne don tayoyin mota, yana iya haura PSI 100, kuma gora ƙarama ce, kafin ka ce a tsaya ta wuce iyaka. Da famfon keke hannunka na jin taurin yana ƙaruwa. Haka nan kabait da duk wani sinadari mai tayar da gas ba su da wuri a wannan aikin.

Muna da tsohon famfon feshi na gona, ba sai in wanke in ba yara ba?

A'a. Na san kusan kowane gidan manoman dankali da tumatir a Filato akwai shi, kuma a ido shi ne bindigar ruwa da an riga an gama haɗawa. Amma maganin ciyawa da na ƙwari suna kama jikin roba da tiyo da zobban ciki, wanki da omo ba ya fitar da su duka. Abin da za a watsa a fuskar yaro, ya shiga ido da baki, bai kamata ya bi ta nan ba. Haka jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki.

Wane ruwa ya dace, ga shi da rani ruwan ma saye muke yi?

Ruwan da za ka yarda yaro ya yi wanka da shi, domin dole wani ya shiga baki. Na famfo, na rijiya mai murfi, ko na sama da aka tara. Ban da na kwata, ban da na kududdufan haƙar kuza da suka cika wajen Bukuru da Rayfield. Ruwan da ke kwance na iya ɗauke da tsargiya da ciwon ciki, kuma waɗannan ramukan suna da zurfi da gangara mai santsi, sun ci rayuka. Iyaye su faɗa wa yara ƙarara cewa bindigar ruwa ba dalilin zuwa bakin kududdufi ba ce. Kada a zuba barkono, omo, ruwan bilic ko ruwan zafi.

Ta fuskar tsada, jarka mai lita 20 daga wurin 'yan ga-ruwa tana ba da harbi kusan 80 da bututun inci 1. A ware musu bokiti guda a ce in ya ƙare wasa ya tashi, a kuma sa su yi a kusa da shuka ko gindin bishiya.

Ɗana yana so a yi mata baƙin fenti ta yi kama da ta gaske. Akwai laifi?

Akwai babba. Mu da muke zaune a Jos mun san abin da ganin baƙin bututu a hannun matashi da magariba zai iya jawowa, ko daga jami'an tsaro a shingen bincike, ko daga 'yan sintiri, ko daga maƙwabcin da ya tsorata. Ba kowa ne zai tsaya ya tambaya ba. A bar ta fara, ko a naɗa mata salatif ja da rawaya da kore, kada a yi mata gindin katako ko wani abu mai kama da gidan harsashi. A Amurka ma doka ce ta sa ake yi wa bindigogin wasa baki mai launin ruwan lemo saboda irin wannan kuskuren. Wasan kuma a cikin gida ko a lungun da kowa ya san yaran, da rana.

Waɗanne ƙa'idoji zan kafa musu?

Ba a saitin fuska ko kunne, domin ruwa mai ƙarfi daga kusa na iya raunata ido da dodon kunne. Ba a harbin wayar lantarki, mita, soket ko taransifoma. Ba a jiƙa mai wucewa, ko dattijo, ko wanda ya yi shirin masallaci ko coci, ko mai tuƙa Keke Napep da mashin. Wanda bai shiga wasa ba ba a taɓa shi. Abin da ya fi damuna kuma shi ne bokitin kansa: yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya na iya kifawa ciki da ka, ya kasa fitowa, ko da ruwan bai kai rabi ba. A sa babba ya tsaya a kai, in an gama a zubar a kife shi. Ƙwallayen bawul ma a ɓoye su daga ƙananan da ke kai komai baki.

Tsayin Jos da sanyinta suna shafar aikin?

Jos tana sama da mita 1,200 daga bakin teku, iskarta ta fi ta Abuja sauƙi, amma a nisan harbi ba za ka ga bambanci ba. Sanyin hunturu ne ake ji: gam yana jinkirin bushewa, silifas yana ƙanƙancewa ya yi tauri har ya fara yoyo, bututu kuma yana saurin tsagewa in ya faɗi a siminti da sassafe. Wanda zai kai wa 'yan'uwa tsaraba Abuja kuma, kada ya bar gora mai iska a cikin motar da aka rufe a rana.

Wa ya fara ƙirƙiro mai iskar nan? Ina so in yi wa ɗalibaina bayani.

Lonnie Johnson, injiniya baƙar fata ɗan jihar Alabama a Amurka, wanda ya yi aiki da rundunar sojin sama da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA. A 1982 yana gwajin wata na'urar sanyaya wuri mai aiki da ruwa a gidansa, sai ya ga yadda ruwa ya fita da ƙarfi daga bakin da ya ƙera. Samfurin da ya haɗa da hannu har da bututun PVC da gorar lemo mai lita 2 a jikinsa. Kamfanin Larami ya fara sayar da ita a 1990, a 1991 aka sa mata suna Super Soaker.

Ga malami mai kula da ƙungiyar JETS ta ɗaliban kimiyya da fasaha, wannan aiki ne da ɗalibai za su auna da hannunsu. A haɗa bindiga ɗaya mai bakin da ake kwancewa, a tanadi marafa masu huji milimita 2, 3, 4 da 5. Maimakon turi da hannu, wanda yake bambanta daga ɗalibi zuwa ɗalibi, a yi amfani da mai gora a PSI ɗaya a hannun malam, a ɗaure ta a kan benci, a auna inda ruwa ya sauka da tif ɗin magina. Sannan a riƙe huji ɗaya a riƙa sauya kusurwa. A yi gwajin da safe kafin iska ta taso, kowane awo sau uku.

In an gama wasa yaya zan ajiye ta?

A zubar da ruwan duka, a tura sandar sau biyu ko uku a bushe, a jingine ta baki ƙasa a inuwa. In za ta daɗe ba a taɓa ba, a sassauta sukurun matoshi don silifas ɗin ya huta, in ba haka ba zai daskare a matse ya daina buɗewa. Jarkar goyo a bar ta a buɗe ta bushe saboda gansakuka. Mai gora a saki iskarta kafin a ajiye, a kuma riƙa ɗaga gorar a haske ana dubawa: in an ga farin layi, ko tsaga a wuya ko a gindi, a sauya ta da wata, marfin da kayan haɗin sai a mayar a kan sabuwar.